Daga Ina Ake Fara Sudoku Mai Ƙarin Dokoki?

Tambaya: Ina iya warware sudoku na yau da kullum, har da masu wuya. Amma idan na koma irin waɗanda ake ƙara wa keji da kibiyoyi da layuka da ɗigo, sai in tarar da allon kusan fayau, lamba biyu ko uku kawai aka bayar, wani lokaci ma babu ko ɗaya. Daga ina ake farawa, kuma shin dole ne sai an yi canki-canka?

Amsa: Ba dole ba ne, kuma matuƙar wanda ya tsara wasan ya san aikinsa, canki-canka ba zai ƙara maka komai ba sai ɓata lokaci. Abin da ke tsayar da kai sabo ne da ka taho da shi daga sudoku na asali. A wancan wasan, wanda ya fara fitowa a Amurka a 1979 kuma ake danganta ƙirƙirarsa ga Howard Garns, kafin kamfanin Nikoli na Japan ya ɗauke shi a 1984, duk bayanin da kake buƙata yana cikin lambobin da aka rubuta maka. Shi ya sa ba a iya rage su yadda aka ga dama: a 2012 Gary McGuire da abokan aikinsa a Dublin sun tabbatar, bayan dogon lissafi da kwamfuta, cewa babu sudoku na asali mai amsa ɗaya tak da za a iya tsarawa da lambobi ƙasa da 17. Don haka idonka ya saba da farautar lamba, kuma idan bai ga lamba ba sai ya ɗauka babu abin kamawa. A sudoku mai ƙarin dokoki kuwa, bayanin yana cikin siffar abin da aka zana da kuma wurin da aka ajiye shi. A watan Mayun 2020 Mitchell Lee ya tsara wani wasa da lamba biyu kacal a allon, 1 da 2, tare da dokoki uku na ƙari, Simon Anthony na tashar Cracking the Cryptic kuma ya warware shi a YouTube da hujja zalla daga farko har ƙarshe. Dokokin nan uku ne suka maye gurbin lambobin da aka cire.

Kafin komai, ka karanta dokokin a tsanake, domin yawancin cijewar da ake yi daga nan take somawa. A keji, wato gungun gidajen da aka kewaye da ɗigo-ɗigo aka rubuta jimlarsu a kusurwa, ƙa'idar da aka saba ita ce lamba ba ta maimaituwa. A kan kibiya kuwa, inda lambobin jikinta suke haɗuwa su ba da lambar da ke cikin da'irar gindinta, lamba tana iya maimaituwa muddin gidajen biyu ba su haɗa layi ko akwati (wato murabba'in gidaje tara, uku sau uku) ba. A wasan ɗigo, inda farin ɗigo ke nufin lambobi biyu suna bin juna, baƙi kuma ke nufin ɗaya ta ninka ɗaya, sai ka duba ko an ce an sa dukkan ɗigon da ya kamata a sa. Idan an faɗi haka, to rashin ɗigo tsakanin gidaje biyu shi ma bayani ne, kuma sau da yawa ya fi ɗigon kansa amfani. Idan ba a faɗa ba, kada ka ɗora wa wasan dokar da babu ita.

Bayan haka, tambayar da za ka riƙa yi wa kowane zane ita ce: rara nawa ke cikinsa? Abin nufi, tsakanin mafi ƙarancin abin da zai iya ɗauka da abin da aka nema, tazarar nawa ce? Keji mai gida uku da jimlarsa ta zama 6 ba shi da rara ko kaɗan, domin 1 da 2 da 3 ne kawai za su shiga. Mai gida uku da 24 shi ne 7 da 8 da 9, mai gida huɗu da 10 shi ne 1 zuwa 4, mai gida huɗu da 30 kuma 6 zuwa 9. Amma keji mai gida biyu da 10 yana da hanya huɗu, mai gida uku da 15 yana da takwas, kuma wanda ya fara da irin waɗannan zai cika allonsa da rubutun fensir ba tare da ya motsa ba. Ka ƙyale su tukuna. Mai tsara wasa yakan ajiye ƙofar shiga ne a inda abubuwa suka fi matsewa, sannan matsewar ba kasafai take cikin zane ɗaya shi kaɗai ba, takan fito ne a wurin da zane biyu suka shiga akwati ɗaya ko layi ɗaya suna rububin lambobi iri ɗaya.

Ga misali da ma'aunin zafi, wato layin da lambobinsa ke ƙaruwa daga kan mai kumburi zuwa ƙarshensa. Idan tsawonsa gida shida ne, kowane gida yana da zaɓi huɗu: na farko daga 1 zuwa 4, na uku daga 3 zuwa 6, na ƙarshe daga 6 zuwa 9. Shi kaɗai bai faɗi wani abin kirki ba. To a ce guda biyu ne masu wannan tsawo, kuma gidaje uku na farko na kowannensu suna cikin akwati ɗaya. Gida na uku ba zai wuce 6 ba, domin akwai gidaje uku a gabansa da ke buƙatar lambobi mafi girma, saboda haka duka gidajen shida ba wanda zai wuce 6. Tunda kuma akwati ɗaya suke ciki, dole su bambanta. Gidaje shida, lambobi shida, ka ga ke nan 1 zuwa 6 ne cif, ragowar gidaje uku na akwatin kuma sun zama 7 da 8 da 9. Ƙari a kan haka, 6 ba ta da wurin zama sai gida na uku na ɗaya daga cikin ma'aunan biyu, kuma duk wanda ya ɗauke ta, 7 da 8 da 9 ne za su ƙarasa shi a jere. Ba a ba ka lamba ko ɗaya ba, amma ga shi ka raba akwati gida biyu.

Haka ake yi wa kibiyoyi. A ce akwai kibiya mai gida biyu da wata mai gida uku, duka gidajen biyar suna cikin akwatin tsakiya, da'irorinsu kuma suna waje, ɗaya a dama ɗaya a hagu, a kan layin kwance ɗaya. Mafi ƙarancin jimlar lambobi biyar mabambanta 15 ne. Mafi girman abin da da'irori biyu masu ganin juna, wato masu haɗa layi ko akwati, za su ɗauka shi ne 8 da 9, wato 17. Rarar 2 ce kacal. Idan ka lissafa, hanyoyin huɗu ne: 1, 2, 3, 4 tare da 5 ko 6 ko 7, sai kuma 1, 2, 3, 5, 6. A cikin kowace hanya akwai 1 da 2 da 3, babu 8, babu 9. Ba ka san inda kowace lamba za ta zauna ba tukuna, amma ka san ragowar gidaje huɗu na akwatin babu 1 ko 2 ko 3 a cikinsu, kuma can 8 da 9 suke. Irin wannan sanin, na inda lamba ba za ta je ba, shi ne abin da ake tarawa a farkon wasa, kuma wanda ya raina shi don bai ba shi lambar da zai rubuta da biro ba zai daɗe yana kallon allo.

Layin tazarar biyar, wanda a kansa duk gidaje biyu maƙwabta dole bambancinsu ya kai 5 ko fiye, yana koyar da wata dabara ta daban. Lamba 5 ba ta hawa kansa sam, tunda babu lambar da ta yi mata nisan biyar tsakanin 1 da 9. Sauran kuma dole su riƙa karɓa-karɓa, ƙarama sannan babba sannan ƙarama. A nan ake amfani da launi: ka shafa wa gida na farko shuɗi, na biyu ja, na uku shuɗi, ba tare da ka san wanne launi ne ƙananan ba. Kowane layi da kowane akwati yana da ƙanana huɗu da manya huɗu da 5 guda ɗaya, don haka da zarar ka ga shuɗi huɗu a layi, ragowar gidajensa ja ne ko 5, kuma launin zai yi ta yaɗuwa a allon har ya ci karo da wani zane da zai fayyace wanne ne wanne. Ka kuma riƙe cewa 4 ba ta da maƙwabciya sai 9, 6 kuma sai 1, saboda haka duk gidan da maƙwabtansa biyu a kan layin suke ganin juna ba zai zama 4 ko 6 ba. Idan irin wannan layi ya cinye gidaje takwas a akwati ɗaya, tsarinsa ɗaya ne tilo, 6, 1, 7, 2, 8, 3, 9, 4, abin da ya rage kawai shi ne sanin ta wane kai aka faro. Baƙin ɗigo ma haka yake: 5 da 7 da 9 ba sa kusantarsa, kuma gidaje uku masu ganin juna da ya haɗa a jere ko dai 1, 2, 4 ne ko 2, 4, 8.

Dokar doki, wadda ta hana lamba ɗaya zama a gidaje biyu da tsallen dokin wasan ces (gida biyu gaba, ɗaya gefe) ya raba, ba ta da zane a allo, shi ya sa ake yawan mantawa da ita. Amfaninta shi ne tana faɗaɗa abin da gida ke gani. Idan ka gano cewa 7 ta akwatin tsakiya tana layin kwance na 4, ko dai a layin tsaye na 4 ko na 6, to gidan da ke layin kwance na 2 a kan layin tsaye na 5 ba zai zama 7 ba, domin daga kowanne cikin wuraren biyu doki yana dira a kansa da tsalle ɗaya, alhali a sudoku na asali babu abin da ya haɗa su.

Yanzu sai babban al'amarin, wanda a ganina shi ne ya raba mai lallaɓawa da wanda ya fahimci wasan. Kowane layin kwance, kowane layin tsaye da kowane akwati suna ɗauke da lambobi 1 zuwa 9 sau ɗaya ɗaya, jimlarsu kuma 45. Kowa ya san wannan, amma kaɗan ne suke matse shi har ƙarshe. Mataki na farko mai sauƙi ne: idan keji uku masu 9 da 14 da 16 sun zauna cikin akwati ɗaya sun rufe gidaje takwas, jimlarsu 39, to gida na tara 6 ne. Mataki na biyu shi ne haɗa layuka. Idan wasu kejina sun rufe layukan kwance biyu na sama gaba ɗaya, suka kuma leƙo da gidaje biyu cikin layi na uku, jimlarsu duka ta zama 93, to gidaje biyun da suka leƙo suna ɗauke da 3, tunda layi biyu 90 ne, kuma da yake layi ɗaya suke ciki, 1 da 2 ne. Ka lura da sharaɗin ƙarshen nan, domin ko gidajen da suka leƙo suna ganin juna ko ba sa gani shi ne ke ƙayyade mafi ƙarancin jimlarsu.

Mataki na uku kuwa ya wuce jimla. Idan ka ɗauki layuka huɗu da akwatuna huɗu, ba jimlarsu kawai ta zo ɗaya ba, lambobin da ke cikinsu ma iri ɗaya ne, kowace lamba sau huɗu. Idan ka cire gidajen da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kansu, abin da ya rage a nan dole ya zama daidai da abin da ya rage a can, lamba da lamba. Shahararren misalin wannan shi ne zoben da ake kira da sunan Phistomefel, wani mai tsara irin waɗannan wasanni, kuma ya kamata ka zana shi a takarda da hannunka ko da sau ɗaya. Ɓangare na farko shi ne layukan kwance na 3 da na 7 tare da layukan tsaye na 3 da na 7. Mararrabarsu huɗu ce, kuma kowace mararraba an ƙirga ta sau biyu. Ɓangare na biyu shi ne akwatuna huɗu na kusurwoyin allo. Duba akwatin sama na hagu: gidaje biyar a cikinsa suna kan layin kwance na 3 ko layin tsaye na 3, wato suna cikin ɓangarorin biyu, sai ka soke su a kowane ɓangare. Abin da ya rage na akwatin shi ne murabba'in gidaje huɗu da ke can ƙuryar kusurwa. Mararrabar kuma, da yake sau biyu aka ƙirga ta amma sau ɗaya aka soke ta, tana nan a ɓangare na farko. Idan ka yi haka a kusurwoyi huɗu, ɓangare na farko zai rage gidaje 16 da suka kewaye akwatin tsakiya, na biyu kuma zai rage murabba'ai huɗu na kusurwa, su ma gidaje 16. Lambobin zoben da na kusurwoyin iri ɗaya ne, a kowane sudoku na duniya, ko da ƙarin doka ko babu.

Ga abin da wannan ke haifarwa. A ce an sa keji a kowane murabba'in kusurwa, na sama hagu da na ƙasa dama 10, sauran biyun kuma 30. Kusurwoyin ke nan suna ɗauke da 1 zuwa 4 sau biyu, 6 zuwa 9 sau biyu, babu 5 ko ɗaya, don haka babu 5 a cikin zobe. To ina 5 ta layin kwance na 3 za ta zauna? Gidaje biyar na tsakiyarsa zobe ne, saura biyu na hagu da biyu na dama. A ce tana hagu. Akwatin sama na hagu ya sami tasa ke nan, saboda haka 5 ta layin tsaye na 3 dole ta sauka akwatin ƙasa na hagu, wannan ya tura ta layin kwance na 7 zuwa akwatin ƙasa na dama, ita kuma ta layin tsaye na 7 ta haura akwatin sama na dama. Su huɗun suna juyawa ne kamar fukafukan fanka, ko ta wannan hannu ko ta wancan, kuma bayani ɗaya ƙarami a ko'ina cikin allon ya isa ya nuna ta inda suka juya. Da a ce duka kejinan huɗu 10 ne, da wasan ba shi da amsa sam, domin zoben zai ƙunshi 1 zuwa 4 kaɗai, alhali gefensa na sama gidaje biyar ne a layi ɗaya masu buƙatar lambobi biyar mabambanta.

Ba na ba ka shawarar ka haddace zoben a matsayin wani sirri, domin masu tsara wasa sun daɗe da wuce shi, suna ƙirƙiro wasu haɗe-haɗen na layuka da akwatuna. Hanyar ginawar ita ce abin riƙewa. Idan ka ga zane-zane sun taru a wasu layuka sun bar wasu fayau, ko ka ga an jera su daidai wa daida a kusurwoyi, ka tambayi kanka waɗanne layuka da akwatuna ne zanen ya fi rufewa, ka shafa musu launi ɗaya, ka nemi wasu masu yawa ɗaya da su waɗanda suka ratsa su, ka shafa musu wani launin, sannan ka soke inda suka haɗu. A sudoku mai yankuna karkatattu a maimakon akwatuna ma wannan ce dabarar: idan yankuna uku sun kusa cike layuka uku na sama, gidajen da suka leƙa waje da waɗanda wani yanki ya shigo ya cike lambobinsu ɗaya ne.

Game da rubutun fensir, ka taƙaita. Tsarin da aka sani da sunan Thomas Snyder, wanda ya ci gasar sudoku ta duniya a 2007 da 2008 da 2011, shi ne a rubuta lamba a kusurwar gida kawai idan wurare biyu suka rage mata a akwati. A tsakiyar gida kuma sai a rubuta zaɓin gidan idan bai wuce biyu ko uku ba. Kada ka cakuɗa ma'anar biyun, domin ɗaya tana cewa lambar nan dole tana ɗaya daga waɗannan gidaje, ɗayar kuma tana cewa gidan nan dole ɗaya daga waɗannan lambobi ne.

Dangane da canki-canka, akwai bambanci tsakaninsa da gwaji na hankali. Idan ka ce a ranka, da wannan gida 9 ne da kibiyar can ta rasa abin da za ta ɗauka, ka ga karon cikin taku biyu ko uku, wannan hujja ce ingantacciya, kuma da ita ake warware yawancin wasanni masu wuya. Amma idan ka rubuta lamba ka bi ta taku ashirin kana jiran abu ya fashe, to alama ce ta cewa akwai dokar da ba ka yi aiki da ita ba tukuna, sai ka koma ka karanta dokokin ɗaya bayan ɗaya kana neman wadda ka yi wa shiru. Akwai kuma wata dabara ta sudoku na asali da ya kamata ka yi hattara da ita a nan. A can, idan gidaje huɗu a layukan kwance biyu da layukan tsaye biyu da akwatuna biyu suna neman zama 3 da 8 dukansu, akan ce hakan ba zai yiwu ba, domin za a iya musanya su a sami amsa biyu. A sudoku mai ƙarin dokoki wannan hujja ba ta tsayawa sai ka tabbatar babu wata doka da ta taɓa ko ɗaya daga gidajen huɗu. Idan ɗayansu yana kan ma'aunin zafi, ko yana cikin kejin da abokin musanyarsa ba ya ciki, ko kuma ana aiki da dokar doki a allon, to ba lallai ne musanyar ta halatta ba, kuma tsarin da kake shirin korewa yana iya zama shi ne amsar.